Tseren Intel da AMD: Me zai iso Sandamu?

A shekarar 2025 manyan kamfanonin Amurka biyu da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau Intel da AMD, suka bayyana cewa a 2026 ne za su fara fitar da sabon zubin na'urorinsu, abin da ya sa masu sha'awar kwamfuta a sassan duniya suka zuba ido.

Kamfanin Intel ya ce zubinsa mai suna Nova Lake zai fito ne a ƙarshen 2026. Shi kuma AMD ya ce a cikin wannan shekarar zai gabatar da fasaharsa ta Zen 6, wadda kamfanin TSMC na Taiwan zai ƙera masa.

A Turai da Amurka, muhawarar da ta biyo baya ta ta'allaƙa ne a kan abubuwa uku: nawa za a sayar da su, wane irin gudu za a iya tilasta masu su yi, da kuma yadda za a sanyaya su.

To sai dai waɗannan tambayoyi uku na da wata amsa ta daban a wuri irin Sandamu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura a jihar Katsina, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma kowace dala sai an nemo ta da naira.

Su wa ke buƙata?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa, ita ce 'yar na'urar da ke yin dukan lissafin da kwamfuta ke gudanarwa. Faɗinta bai kai tafin hannu ba, amma ita ce ke yanke hukuncin ko aiki zai ɗauki minti biyar ko sa'a guda.

Wanda aikinsa bai wuce buga takarda ko cike fom a intanet ba, ba shi da buƙatar mai tsada. To amma yawan waɗanda aikinsu ya wuce haka na ƙaruwa a yankin Daura.

A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. A watan Disamban wannan shekarar kuma shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya aza harsashin ginin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa.

Ɗaliban aikin injiniya a irin waɗannan makarantu na buƙatar manhajojin zanen gini da na gwajin injuna, waɗanda kan durƙusar da ƙaramar kwamfuta.

Akwai kuma matasa masu tace hotunan bidiyo na bukukuwa da tarurrukan siyasa da wa'azi, da masu zanen allunan talla, da waɗanda suka koyi rubuta manhaja a ƙarƙashin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Sannan tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, abin da ya sa cibiyoyin rubuta jarrabawa suka zama manyan masu sayen na'urori a arewacin ƙasar.

Ga dukan waɗannan, shawarar da ake yankewa a jihar Kalifoniya kan farashi da yawan wutar da na'ura za ta ci na da tasiri kai tsaye a kan jarinsu.

Batun farashi

Tarihi ya nuna cewa abin da ya fi sauke farashi a wannan kasuwa shi ne gasa.

A 2016, lokacin da Intel ke cin karensa babu babbaka, ya sayar da Core i7-6950X, mai cibiyoyin lissafi goma, a kan dala 1,723.

A watan Maris na 2017 sai AMD ya fito da Ryzen 7 1800X mai cibiyoyi takwas a kan dala 499, alhali takwararta ta Intel na sama da dala 1,000.

Kafin ƙarshen 2019 Intel ya zabtare kusan rabin farashin manyan na'urorinsa. Mai cibiyoyi 18, wadda ake sayarwa kusan dala 2,000, ta koma dala 979.

A 'yan shekarun baya-bayan nan farashin na sahun gaba ya tsaya ne tsakanin dala 500 da 700. Intel ya fitar da Core Ultra 9 285K a watan Oktoban 2024 a kan dala 589, yayin da AMD ya fitar da Ryzen 9 9950X3D a watan Maris na 2025 a kan dala 699.

Sama da su akwai ajin manyan ma'aikata. Threadripper 9980X na AMD, mai cibiyoyi 64, ya shiga kasuwa a watan Yulin 2025 a kan dala 4,999.

A idon Ba'amurke ke nan farashin bai motsa sosai ba. A Najeriya kuwa labarin ya sha bamban.

Kafin watan Yunin 2023 ana canzar da dala a hukumance a kan kimanin naira 460. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a 2024.

A wannan lissafi, dala 589 ta kama naira 883,500, tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wannan ya zarce albashin shekara guda cur na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024.

Ita kuwa mai dala 4,999, kuɗinta ya doshi naira miliyan bakwai da rabi.

Ba ita kaɗai ake saye ba

Wani abin da tallace-tallace ba su cika faɗa ba shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta aiki ita kaɗai. Tana zama ne a kan wani babban allo, kuma kowane zubi na da irin mazauninsa.

A nan kamfanonin biyu sun sha bamban. AMD ya gabatar da mazauninsa na AM5 a 2022, kuma a 2024 ya yi alkawarin ci gaba da amfani da shi har zuwa 2027 ko fiye. Wanda ya mallaki irin wannan allo na iya cire tsohuwar ƙwaƙwalwa ya sa sabuwa.

Shi kuwa Intel ya saba sauya mazauni bayan zubi biyu ko uku. Ya kawo sabo a 2024, kuma rahotannin da suka fito a 2025 sun nuna cewa Nova Lake ma za ta buƙaci wani, watau dai sai mai saye ya sake allo.

Babban abin da ya dagula lissafi kuma shi ne tsadar ma'adanar wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwarta a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A 2025 suka karkata akalar masana'antunsu wajen biyan buƙatun manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira, inda riba ta fi tsoka.

Sakamakon haka, a watannin ƙarshe na 2025 farashin nau'in DDR5 ya ninka fiye da sau biyu a kasuwanni da dama. A watan Disamba kuma Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun jama'a kayansa masu tambarin Crucial.

Na'urorin sahun gaba da kamfanonin biyu suka fitar daga ƙarshen 2024 zuwa 2025 ba sa karɓar tsohuwar DDR4. Don haka ko da farashin ƙwaƙwalwa bai tashi ba, kuɗin haɗa cikakkiyar kwamfuta na iya tashi.

Ƙure gudu

Shekaru da dama ke nan masu ƙaramin ƙarfi na da wata dabara ta rage tsada. Sukan sayi ƙwaƙwalwa mai araha, sannan su shiga saitinta su tilasta mata gudun da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade.

Dabarar ta yi tashe a 1998, lokacin da aka gano cewa Celeron 300A na Intel, mai gudun megahaz 300, na iya yin 450 ba tare da wata wahala ba. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan a kyauta.

Har gasa ake yi a kan haka. A 2011 wata tawagar AMD ta kai ƙwaƙwalwar FX gudun gigahaz 8.429, ta shiga kundin bajinta na Guinness. A watan Disamban 2022 kuma wata tawagar kamfanin Asus ta haura gigahaz 9 da Core i9-13900K.

To amma waɗannan bajintoci na 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma ana yin su ne da ruwan iskar hiliyom ko na naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ba su da alaƙa da aikin yau da kullum.

A zahiri ma ribar ƙure gudu ta yi ta raguwa, domin kamfanonin da kansu sun koyi tatse na'urorinsu tun daga masana'anta. Ƙwaƙwalwar zamani kan auna zafinta da wutar da take samu, ta ƙara wa kanta gudu har iyakar abin da za ta iya.

Alamar hakan ta fito fili a watan Oktoban 2021, lokacin da kamfanin Silicon Lottery na Amurka, wanda sana'arsa ita ce zaɓo na'urorin da suka fi jure ƙarin gudu yana sayarwa da tsada, ya rufe harkarsa. Ɗaya daga cikin dalilan da ya bayar shi ne, ratar da ta rage ta yi ƙanƙanta.

Akwai kuma haɗari. Ƙarin gudu na buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki, kuma zafi na hauhawa ne fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Kamfanonin biyu sun bayyana cewa garantinsu bai shafi ɓarnar da ƙure gudu ya jawo ba.

Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa, kuma shi kansa Intel ya ɗanɗana hakan har sau biyu.

A 2004 kamfanin ya soke shirinsa na fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, bayan da zafi da cin wuta suka sha kansa. Daga nan ne masana'antar ta koma ƙara yawan cibiyoyin lissafi maimakon dogaro da gudu kaɗai.

Shekaru 20 bayan haka, a watan Yulin 2024, Intel ya amsa cewa wasu na'urorinsa na zubi na 13 da na 14 na neman ƙarfin lantarki fiye da ƙima, abin da ke sa su lalacewa sannu a hankali. Ya fitar da gyaran manhaja, ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekaru biyu.

Ga mai saye a Landan, wannan na nufin ya mayar da kaya a ba shi sabo. Ga wanda ya sayo tasa ta hannu a titin Beirut da ke Kano, ko aka aiko masa daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, da wuya a ce yana da rasidin da zai kai shi ga wannan garanti.

Zafi da ƙura

Kusan duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Core Ultra 9 285K na iya jan wat 250 idan aiki ya yi nauyi, yayin da aka ƙayyade wa Threadripper 9980X wat 350.

Dole a kwashe wannan zafi daga wurin da bai fi kan babban yatsa girma ba, a watsa shi cikin iskar ɗaki. Idan aka gaza, ƙwaƙwalwar kan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Iyakar da aka sa wa na zamani na tsakanin digiri 95 da 105.

A nan ne yanayin Sandamu ke shigowa cikin lissafi. Mujallu da masu gwaji na ƙasashen waje kan auna na'urorin ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba.

Ita kuwa fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar da ke ɗaki kawai take turawa. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ne zai ƙaru a jikin ƙwaƙwalwa.

Na'urar da ta tsaya a digiri 85 a ɗaki mai digiri 22, za ta nemi haura 100 a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin ɗakin ya kai 40. Sakamakon shi ne, mutum ya biya kuɗin doki amma ya samu tafiyar jaki a watannin da ake tsananin zafi.

Akwai hanyoyi biyu na sanyayawa. Ta farko ita ce tulin ƙarfe mai siraran faranti da fanka ke hurawa. Ta biyu kuma ita ce ta ruwa, inda wani ɗan famfo ke zagayawa da ruwa tsakanin ƙwaƙwalwa da lagireto, kwatankwacin yadda ake yi a mota.

Ta ruwa ta fi kwashe zafi daga manyan na'urori, amma ita ma ba za ta iya sauka ƙasa da zafin ɗaki ba. Bugu da ƙari, idan famfonta ya mutu ko ruwan ya ragu bayan wasu shekaru, yawanci sai dai a sake ta ɗungurungum.

Ta ƙarfe kuwa abin da ke lalacewa a jikinta fanka ce kawai, wadda mai gyara a Daura ko Katsina zai iya canzawa cikin 'yan mintoci.

Da an fita daga zafi kuma sai damina, bayanta sai hunturu, lokacin da iskar hamada ke kwararo ƙura daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar kan toshe tsakanin farantan ta zama kamar bargo. Kwamfutar da ba a buɗewa a hure ta akai-akai na iya yin zafi ko da gari na sanyi.

Wutar lantarki

Babbar kwamfutar tebur ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke cin wuta a cikinta ba. Katin sarrafa hoto na RTX 5090, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a watan Janairun 2025 a kan dala 1,999, shi kaɗai na iya jan wat 575.

Ko da an ɗauki matsakaiciya mai jan wat 600 gaba ɗaya, daidai take da a kunna ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, har guda goma a ɗaki ɗaya. Ita kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka, cazarta ba ta cika wuce wat 65 ba.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu layin da ake kira Band A, kafin daga baya a watan Yuli ya tsaya a kan kimanin naira 209 kowane ma'auni.

A wannan farashi, na'ura mai wat 600 da ta yi aikin sa'o'i takwas za ta ci wutar kusan naira 1,000 a rana. A ranakun aiki 26, kuɗin ya kama naira 26,000, ban da na'urar sanyaya ɗaki.

Wannan ma idan akwai wutar ke nan. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa, ciki har da yankin kamfanin KEDCO da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala.

Janareta ma ba mafita ce mai sauƙi ba, ganin cewa litar fetur, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024.

Shi ya sa masu shaguna da dama suka koma ga sola. To amma a tsarin sola kowane wat da aka ƙara na nufin ƙarin faranti da batir da babbar inbata, waɗanda su ma da dala ake shigo da su.

Saboda haka dabarar da ta fi dacewa da irin wannan yanki ita ce kishiyar ƙure gudu, watau rage wa ƙwaƙwalwa wuta. AMD na da wani saiti da ke mayar da na'ura mai wat 170 ta koma aiki da 105 ko 65, kuma gudun da ake rasawa bai kai wutar da ake ragewa ba.

Kasuwar na hannu

Mafi yawan kwamfutocin da ke shagunan arewacin Najeriya ba sababbi ba ne. Tokumbo ne da ofisoshi da makarantun Turai da Amurka suka gama amfani da su.

Ta wannan hanya ce sabon zubi ya saba amfanar wuri irin Sandamu. Idan sabo ya fito, masu hali su saya, tsofaffin su gangaro, farashinsu ya sauka bayan shekaru uku zuwa biyar.

A wannan karon akwai abubuwa biyu da ke jan igiyar ta fuskoki mabambanta.

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa manhajar Windows 10, duk da cewa ya buɗe ƙofar ƙarin wa'adi na wani lokaci. Ita kuwa Windows 11, a hukumance ba ta karɓar yawancin na'urorin Intel da suka girmi zubi na takwas, ko na AMD da suka girmi Ryzen 2000.

Hakan na nufin miliyoyin tsofaffin kwamfutoci sun rasa gurbi a ƙasashe masu arziki, kuma wasunsu za su ƙare ne a kasuwannin Afirka da araha. Wanda ya saya bai duba zubin ba na iya tsintar kansa da na'urar da ba ta samun kariya daga masu kutse, abin da ke da haɗari ga shagon da ke hulɗa da bayanan banki ko na jarrabawa.

A ɗaya ɓangaren kuma, tsadar RAM na iya sa kamfanoni su jinkirta sauya na'urorinsu, ta yadda masu ɗan dama-dama, waɗanda aka fi buƙata, za su yi ƙaranci kuma su yi tsada.

Abin dubawa

Idan sababbin na'urorin suka shiga kasuwa, alƙaluman da za su cika kanun labarai su ne yawan cibiyoyin lissafi da yawan gigahaz. Rahotannin da ba na hukuma ba ma sun ambaci cibiyoyi har 52 a babbar Nova Lake.

To amma ga mai shagon tace bidiyo a Sandamu, ko shugaban makarantar da ke shirin kafa ɗakin kwamfuta a Daura, alƙaluman da suka fi muhimmanci su ne yawan aikin da na'ura ke yi da kowane wat, da kuɗin allo da RAM da za su raka ta, da kuma ko mai sayarwa zai karɓe ta idan ta lalace.

A wannan fanni akwai alamun sauƙi. Ryzen 7 9700X da AMD ya fitar a watan Agustan 2024 a kan dala 359 na da cibiyoyi takwas, daidai da Ryzen 7 1800X na 2017, amma an ƙayyade masa wat 65 maimakon 95, kuma ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Masu iya magana kan ce daidai ruwa daidai tsaki. Ga yawancin masu sana'a a masarautar Daura, matsakaiciyar na'ura mai sanyaya ta ƙarfe, da sitabilaiza, da ɗaki mai iska, za ta fi biyan buƙata a kan ta sahun gaba da za ta riƙa rage gudu duk bazara.

Abin jira a gani shi ne ko gasar da ke tsakanin kamfanonin biyu za ta yi zafin da za ta karya farashi kamar yadda ta yi a 2017, da kuma lokacin da kasuwar RAM za ta lafa. Darajar naira da samuwar wuta kuwa, a Abuja ake yanke hukuncinsu.